Tauraro Ɗaya

Ko sallama Auta ba ta yi ba. Ta ɗaga labulen shagon ta shigo, ta tsaya a tsakiyar agogunan bango goma sha huɗu da kowanne ke faɗin nasa lokacin, idanunta sun kumbura sun yi jawur.

Mai Agogo ya cire ɗan gilashin da ke maƙale a idonsa, ya ajiye sukudireba a hankali.

"Lafiya? Yau ba ofis?"

"Baba ya ji," ta ce.

"Ya ji me?"

Maimakon ta amsa sai ta zube a kan bencin masu jira, ta kifa kai a gwiwa, ta fashe da irin kukan da mutum ke yi in ya gaji da ɓoyewa a gida.

Shekara tara ke nan Mai Agogo na fama da wani ciwo da ba ya jin magani, wato kallon fim. Da rana gyaran agogo, in ya rufe shago sai kallo, in ya gama kuma ya zauna ya rubuta ra'ayinsa ya ɗora a wani shafi da ya buɗe wa kansa a intanet mai suna Kujerar Baya. Ba sana'a ba ce, so ne kawai. Rubutu kam Allah ya ba shi, alƙalaminsa kamar reza. Amma shafin nan, a da, sai mai haƙuri. Bango baƙi ƙirin, rubutu ja ƙanana kamar tururuwa. In kana neman sharhin bara sai ka yi ta gangarawa har yatsanka ya ƙage. Ba sunan marubuci, ba hoto, ba komai.

Ita kuwa Auta aikinta ke nan a wani kamfani, tsara shafuka. Wata shida da suka wuce ta kawo gyaran agogon hannun babanta, ta hango shafin a buɗe a tsohuwar kwamfutar shagon, ta ce, "Wane marar imani ne ya yi wannan?"

Ya ce, "Ga shi a gabanki."

Tun daga ranar ta karɓi lambobin sirrin shafin. Ta mai da bangon fari, ta ƙara girman haruffa, ta sa akwatin bincike a can sama wanda ko da baki ka faɗi sunan fim zai zaƙulo maka. Ta matsa masa ya yarda aka sa hotonsa da sunan shagonsa a ƙarƙashin kowane sharhi, wai mutane sun fi yarda da wanda suka ga fuskarsa. Ta jera taurari biyar manya-manya don masu karatu su ma su auna shi kamar yadda yake auna mutane. Sannan ta sa wani koren maɓalli, in ka danna murya ta karanta maka komai. Wannan na ƙarshen ba don kowa ta yi ba sai don Baba, wanda yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai abin da ya yi girma ƙwarai.

Kafin a gama gyaran shafi, maganar aurensu ta riga ta shiga gidan su Auta. Baba bai ce a'a ba. Cewa ya yi a ba shi lokaci. Gwaggo ce dai, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta ce ita Injiniya ta sani, yaron kirki mai gina gadoji, wanda shekara biyu ke nan yana sintiri a ƙofar gidan.

"Auta, don Allah ki yi magana," in ji Mai Agogo. Ya zagayo ya tsuguna nesa kaɗan da ita. "Gabana sai faɗuwa yake."

Ta ɗago ta share fuska da gefen mayafi.

"Jiya da la'asar Injiniya ya zo gaida Baba. Muna falo duka. Sai Gwaggo ta fara halin nata. Wai mutum da gemunsa ya zauna yana ƙirga kurakuran 'yan wasa, shi ne miji? Wai in yara suka ce yunwa sai ka karanta musu sharhi."

"Wannan ai na saba ji."

"Shi kuma Injiniya ko uffan, sai juya makullin mota yake a yatsa. Ya san in Gwaggo na magana, shirunsa ma riba ce. Raina ya ɓaci. Na ce Baba ka ji da kunnenka irin hankalin mutumin nan, ba sai an faɗa maka ba. Na sa masa wayata a hannu. Na ce ka faɗi sunan kowane fim ka ga dama, sannan ka danna koren nan."

"To sai me? Ai don haka kika yi shi."

"Sai ya faɗa."

Ta ambaci sunan fim ɗin. Wani ƙaramin fim ne da aka yi shekara bakwai baya, bai yi wata kasuwa ba, yau in ka tambayi mutum ɗari da ƙyar biyu su tuna shi. Mai Agogo ya ɗan runtse ido yana lalube a ƙwaƙwalwarsa.

"Na tuna. Ban yaba shi ba kam. Lokacin ina ji da ƙuruciya, duk wanda na kama sai na ga jini. Baba yana son fim ɗin ne?"

"Ka tuna matar da ta fito a matsayin uwa?"

"Wata ramammiya, mai magana ƙasa-ƙasa?"

"Mamana ce."

Agogunan nan goma sha huɗu suka ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsu. Shi dai Mai Agogo sai ya zauna daɓas a kan siminti.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, ke kika ce min tela ce. Kika ce ɗinki take yi."

"Ɗinkin take yi. Shekara ashirin tana ɗinka wa 'yan fim kaya. Sau ɗaya tak ta fito a gaban kyamara, shi ne wannan. Wata huɗu bayan fitowarsa ta rasu."

Ya kama kai da hannu biyu.

"Muryar ta fara karantawa," ta ci gaba. "Layi ɗaya kawai ta yi, sai na ga leɓen Baba na motsi. Wallahi tare suke karantawa. Kafin na'urar ta kai kalma, shi ya riga ya faɗe ta. Ashe ya haddace. Ashe tun a lokacin wani ya buga sharhin a takarda ya kawo wa Mama. Ka san yadda tsohon shafinka yake, in an buga ba suna ba kai, rubutu ne tsirara. Shekara bakwai Baba bai san wanda ya rubuta ba. Sai jiya. Muryar ta kai ƙarshe ta ce, wanda ya rubuta, Mai Agogo. Har da kwatancen shago. Ni na sa wannan. Da hannuna na sa!"

Ya miƙe zumbur ya nufi kwamfuta. "Bari in goge shi. Yanzun nan."

"Kar ka taɓa. Baba ya ce ko wasali aka cire bai yafe ba. Kuma gogewar me? Injiniya ya ɗauki hotonsa a waya tun jiya, wai Gwaggo ce ta ce ya ɗauka."

Hannunsa ya tsaya a kan madannai. Can wani tunani ya faɗo masa, ya juyo a hankali.

"Tsaya. Ke kika kwashe tsofaffin sharhin nan ɗaya bayan ɗaya kika zuba su a sabon tsari. Ɗari huɗu da wani abu. Kin ce duk kin karanta."

Ta sunkuyar da kai.

"Auta. Kin gan shi?"

"Sati uku ke nan."

"Sati uku! Muna zaune a bencin nan muna zaɓen kalar labulen ɗakinmu, ashe kin sani?"

"Na gani, na shiga bayin ofis na yi kuka har aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Na dawo zan goge, na tuna ka ce ba ka taɓa goge abin da ka rubuta ba, ko daidai ko kuskure. Sai na ɓoye shi. Na cire shi daga shafin farko, na cire shi daga jerin shekaru, na cire shi daga jerin haruffa. Na manta akwatin bincike ba ruwansa da wannan. Ni na gina shi ya tono komai, har ina yi maka alfahari babu abin da zai ɓace a shafin nan kuma."

"Me ya hana ki faɗa min? Da na je na faɗi a gaban Baba tun kafin ya ji a bakin na'ura."

"In na faɗa maka da bakina, sai na dubi fuskarka ina tuna kalmomin. Tsoro nake in tsane ka." Hawaye suka sake ɓalle mata. "Ni nake riƙe ta zuwa wurin ɗaukar fim ɗin nan. Ni nake ɓoye kwanon amai a bayan kujera in za a kunna kyamara. Ka ce tafiyarta kamar a taimaka a riƙe ta. Ai riƙe ta ake yi! Ni ce mai riƙon!"

Bai san lokacin da nasa hawayen suka zubo ba. Namiji in ya yi wa mace laifin da ya sani, yana da bakin ba da haƙuri. Wannan kuwa laifi ne da ya aikata tun bai san akwai ta a duniya ba, ga shi ya zo ya same shi da rana tsaka.

"Yanzu kin tsane ni?"

"Da na tsane ka ai da na huta."

Ya ɗauki makullin shago. "Tashi mu je."

"Gwaggo ba za ta bar ka ka shiga ba."

"Sai ta kore ni a gabansa."

Gwaggo ce kuwa ta buɗe ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"A'a, malam mai taurari! Yau mu za a auna? Ka duba da kyau, ni ma ƙafar nan ciwo take, ka rubuta."

"Ina wuni, Gwaggo."

"Da ban wuni ba ka gan ni? Ke kuma shiga ciki, marar zuciya. Uwarki aka zaga, kin je kin ɗauko shi a gaba kamar wani abin arziki."

Daga can ɗaki muryar Baba ta fito, ba ƙarfi ba faɗa. "Bar shi ya shigo."

Ɗakin Baba ƙarami ne, taga ɗaya, gado, kujerar katako mai hannu, da rediyo a kan durowa. A lungu akwai keken ɗinki an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ba ƙura ko ɗis a kansa. Mai Agogo ya taɓa shiga ɗakin sau biyu, bai taɓa lura da keken ba sai yau.

Ya durƙusa. "Baba, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Auta, ba shi wayar. Buɗe masa wurin."

Ta buɗe, ta miƙa masa.

"Jiya na ji a bakin ƙarfe," in ji Baba. "Ƙarfe ba shi da kunya. Yau a bakin mai shi nake son ji. Karanta."

"Baba, don girman Allah..."

"Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau. Auta ta ce yanzu haruffan manya-manya ne, ba ka da uzuri. Karanta."

Ya fara. Sakin layi na farko a kan labarin fim ɗin ne, ya wuce da ƙyar. Na biyu a kan sauti. Sai ya iso na uku.

"Matar da ta fito a matsayin uwa kuwa, ban san daga wane gadon asibiti..."

Ya tsaya.

"Ci gaba."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Aka ɗauko ta ba," Baba ya ƙarasa masa, idanunsa farare suna kallon taga. "Muryarta ba ta kai ƙofar ɗaki, tafiyarta kamar a ce a taimaka a riƙe ta. Da masu fim ɗin na da tausayi da sun bar baiwar Allah ta koma ta kwanta, mu ma mu huta. Tauraro ɗaya, shi ma don mai haska fitila ne. Haka ne ko na yi kuskure?"

"Haka ne."

Auta ta toshe baki da mayafi ta jingina da bango. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa.

"Kai ka kasa kai ƙarshe," in ji Baba. "Ita sau uku ta karanta, a kan gadon nan. Likita ya riga ya gaya mana abin da ya rage. Ta ce min, shekara ashirin ina yi wa wasu kwalliya su fito, ina so jikokina su ga yadda nake tafiya, su ji muryata. Shi ya sa ta roƙa aka sa ta. Ranar da fim ya fito ta sa aka kunna mata sau biyu, tana dariya tana cewa ashe haka hancina yake. Bayan kwana tara aka kawo takardarka."

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban san ba ta da lafiya ba."

"Ka sani mana. Kai ka rubuta. Idonka ya ga gaskiya sarai, shi ya sa abin ya yi ciwo. Ka ga marar lafiya ka gane ta, sai ka yi wasa da ita don masu karatu su yi dariya." Ya numfasa. "Ka san abin da ta ce? Ta ce yaron nan ya iya rubutu, kuma bai yi ƙarya ba. Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin filo. Daga ranar ba ta ƙara bari an kunna fim ɗin a gidan nan ba. Ta sa na yi mata alkawari ko bayan ranta jikoki ba za su gani ba, kar su yi mata dariya. Abin da ta tashi daga gado ta yi dominsa ke nan, ka kashe shi da layi huɗu."

Mai Agogo ya kifa goshi a kan siminti yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ka yafe min, Baba. Zan rubuta wani. Zan faɗi ko wace ce ita, in sa a shafin farko, ya zauna har in mutu."

"Wa zai karanta mata?"



Auta ta durƙusa kusa da ƙafar mahaifinta. "Baba, ni ma uwata ce. Ni ma na ji ciwon. Amma mutumin da ya rubuta wannan ba shi na sani ba. Shekara bakwai fa, Baba. Mutum yana canjawa."

"Yana canjawa, Auta. Ban ce mugu ne ba. Agogona tun da ya gyara bai ƙara minti ba. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba zan ba ki wanda ba kya so ba, ko gwaggonki za ta yi ta magana har bakinta ya bushe. Amma ki gaya min, ta yaya zan zauna a ɗakin nan, ga kekenta can, in ɗauki 'yarta in miƙa wa wannan hannun? In ɗauki jikan da ta so ya ga tafiyarta, ya zama ɗan wanda ya hana? Na gwada tun jiya. Zuciyata ta ƙi."

Ya miƙa hannu. "Ba ni wayar. Kin ce kin sa taurari a ƙasa, mai karatu ma ya faɗi nasa."

"Baba..."

"Ba ni. Su kam ina ganinsu, kin yi su manya. Allah ya yi miki albarka, aikinki na kyau."

Ya kai wayar dab da fuskarsa, ya bi da yatsa a hankali har ya sami layin taurarin nan biyar. Ya danna na farko.

"Wannan na zuwan da ka yi da ƙafarka ne," ya ce. "Wani da ya ɓuya. Sauran huɗun ba a hannuna suke ba. Mai ba ka su tana ƙarƙashin ƙasa. Tashi ka je, kar ka bar shago ba kowa."

A waje aka yi hon sau biyu, irin na mai ladabi. Gwaggo ta leƙa taga ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Injiniya ne," ta ce, amma muryarta ba irin ta jiya ba ce.

Auta ta bi Mai Agogo har bakin ƙofar gida. Rana na dukan titi, ga farar mota can a gindin bishiya, mai ita ya fito yana gyara hannun riga. Suka tsaya, shi a waje ita a ciki, dokin ƙofa a tsakaninsu.

"Ki ce wani abu," ya ce. "Ko in jira, ko in tafi. Shekara nawa ne, zan jira."

Ta dafa marfin ƙofar. In ta ce ya jira, me zai jira? In ta ce ya tafi, ita ina za ta sa kanta?

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, wani ɗan sauti mai daɗi da ita da kanta ta zaɓa masa wata biyu da suka wuce, suna dariya a kan bencin shago. Ya ciro. Saƙon da ta tsara shafin ya riƙa aiko masa ne, da kalmomin da ta rubuta da hannunta, har da ɗan hoton fure a gefe:

"Albishirinka, Mai Agogo! Wani mai karatu ya ba rubutunka tauraro. Ci gaba da rubutu, ana jin daɗinka!"

Ya juya mata fuskar wayar. Ta karanta har ƙarshe, haruffan manya ne, ko ta cikin hawaye ana ganinsu.

Daga ciki Baba ya kira sunanta. Ta sa hannu biyu ta turo ƙofar a hankali har ta rufe.